Asalin Furen da ke Ƙarƙashin Dawakin Najeriya

Ranar 11 ga Fabrairu 2024 Giwayen Kwaddibuwa suka ci Mikiyoyin Najeriya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Washegari a unguwar Adjamé ta Kwaddibuwa ba a bar ɗan Najeriya ya sha shayi lafiya ba. A shagon wani tela Bakano, kusa da tashar motocin gbaka, wani saurayi haifaffen unguwar Treichville ya tsaya gaban kalandar da ke bango yana nuna tambarin Najeriya, yana cewa giwa ta taka mikiya. Can sai yatsansa ya sauka ƙasa. Ya ce, "Baba, wannan jan abin da ke ƙarƙashin kofaton dawakin fa, mene ne?"

Telan ya sauke tabarau, ya duba, ya ce, "Yaro, shekara arba'in ina ganin hoton nan, ban taɓa lura da shi ba."

To, ga asalinsa.

Da can sarakunan Turai kowane gida da tambarinsa: garkuwa a tsakiya, dabbobi biyu na riƙe da ita, a ƙarƙashinsu kuma ɗan tudu mai ciyawa inda suke tsayawa. A Ingila gidajen sarauta biyu, na York da na Lancaster, sun daɗe suna yaƙi a kan gadon mulki. Da Henry na Bakwai ya ci sarauta a 1485, ya auri 'yar gidan York, sai ya haɗa farin wardin York da jan wardin Lancaster suka zama fure guda, alamar an yi sulhu. Tun daga nan wardi ya zama furen Ingila. Al'adar zaɓa wa ƙasa fure ta bi Turawa duk inda suka je. A Amurka kowace jiha ta zaɓi furenta, ƙasar kuma ta ɗauki wardi a hukumance a 1986.

Da 'yancin Najeriya ya matso, a 1960 aka tsara mata tambari a kan wannan tsari na Ingila. Baƙar garkuwa ita ce ƙasar noma. Farar alamar da ta rabu biyu a kanta ita ce Kwara da Binuwai inda suka haɗu a Lokoja. Fararen dawakai biyu suna riƙe da garkuwar, jar mikiya tana bisa. Saura tudun da dawakan za su taka, kuma dole a shuka masa wani abu. Ƙasa ce mai jihohi uku a lokacin, Arewa da Gabas da Yamma, kowace tana kishin 'yar'uwarta. In aka sa gyaɗa ko auduga, an yi wa Arewa. Koko na Yamma ne, kwakwar manja ta Gabas. Furen daji kuwa ba a kai shi kasuwa, don haka ba mai rigima a kansa. Dalilin da ake bayarwa har yau shi ne ana samun wannan furen a sassan ƙasar duka.

Masana tsirrai suna kiransa Costus spectabilis. Amma manomin Hausa ya riga su raɗa masa suna: takalmin zomo. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa yana tattara sunayen itatuwa da ciyayi, ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma irin waɗannan sunaye ne ya bi ƙauyuka yana rubutawa. Wanda ya taɓa ganin tsiron ba zai tambayi dalilin sunan ba. Ba shi da kara. Ganye huɗu ne masu faɗi da kauri, kwance male-male a ƙasa, kowanne yana fuskantar kusurwarsa, kai ka ce wani ƙaramin mahaluki ne ya tuɓe takalmansa ya jera. Daga tsakiyarsu fure ke fitowa, rawaya shar, mai baki kamar kakaki. Dangin citta ne, saiwarsa ma irin tata ce. Duk rani tana kwance a ƙarƙashin ƙasa ba a san da ita ba, sai ruwan farko ya sauka ta farka. Furen guda ba ya daɗewa; ya buɗe da safe, kafin wata safiyar ya yanƙwane, wani ya maye gurbinsa.

Kun ji na ce rawaya. Amma wanda saurayin nan ya nuna a kalanda ja ne, kuma haka yake a yawancin tambarin da ake bugawa. A ganina masu zanen sun kwafi juna ne shekara da shekaru, babu wanda ya shiga daji farkon damina ya duba. A 1978 an sake taken da ke rubuce a ƙasan tambarin, aka ƙara zaman lafiya da ci gaba a kan haɗin kai da imani, amma jan furen yana nan.

Maƙwabta ba su bi ta fure ba. Kwaddibuwa, wadda sunanta ma daga hauren giwa ya samo asali, kan giwa ta sa a garkuwarta, da bishiyar kwakwa biyu a gefe, rana tana fitowa a sama. Nijar ta sa rana, da mashi da takubba, da kan sa, da zangarniyar gero uku. Wani Bamaraɗe ɗan Nijar mai sayar da abincin garba a bakin shagon ya ce tasu ta fi hankali, don ko ba komai gero ana cinsa.

Telan dai bai tanka masa ba. Da aka ambaci takalmin zomo ya ajiye almakashi, ya ce ya san shi sarai. Suna yara, in sun kai awaki kiwo bayan gari, shi suke takawa a gindin itatuwa inda ƙasa ke da laima.