Tarihin Hukumomin Daraktoci da Sarƙar da ke Haɗa Kamfanoni

Hukumar daraktoci ita ce taron mutanen da masu hannun jari ke zaɓa domin su sa ido a kan kamfani, su naɗa shugabansa, su duba lissafin kuɗinsa, su kuma sauke shi idan ya kauce hanya. Tushenta yana komawa ga manyan kamfanonin fatauci na Turai. Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, wanda aka kafa a 1600, gwamna da daraktoci 24 ne ke jan ragamarsa, takwaransa na Holan kuma, wanda ya biyo baya a 1602, mutum 17 ne ke riƙe da shi. Sarƙar daraktoci kuwa tana ƙulluwa ne idan mutum ɗaya ya riƙe kujera a hukumomin kamfanoni biyu ko fiye. Ta hanyarsa labari da shawara ke yawo tsakanin kamfanonin, wani lokaci har da haɗa baki a kan farashi. A kowace ƙasa, siffar wannan sarƙa tana bin inda jari yake fitowa.

A Amurka an fito da lamarin fili. Kwamitin Pujo na Majalisar Wakilai, wanda ya yi bincike a 1912 da 1913, ya gano cewa mutanen bankin J.P. Morgan da na wasu bankunan New York masu ƙawance da shi suna riƙe da kujeru 341 a kamfanoni 112, masu dukiyar da ta haura dala biliyan 22. Jirgin ƙasa, ƙarfe, inshora, wutar lantarki, duk hannayen nan ne a ciki. A 1914 aka yi Dokar Clayton, wadda sashenta na 8 ya hana mutum zama darakta a manyan kamfanoni biyu masu gasa da juna. Dokar ba ta taɓa kamfanonin da sana'arsu ta bambanta ba, don haka sarƙar ta ci gaba shekaru da yawa, bankuna na tsakiyarta. Har yanzu sashen yana da tasiri: a 2009 Eric Schmidt, shugaban Google a lokacin, ya bar hukumar Apple yayin da hukumomi ke binciken alaƙar kamfanonin biyu.

Jamus ta bi wata hanya dabam, kuma a can sarƙar ta fi ƙarfi. Tun 1870 doka ta wajabta wa kamfanin hannun jari majalisar sa ido, wadda daga baya aka raba ta sarai da majalisar masu gudanarwa. Manyan bankuna su ne masu ba masana'antu bashi, su ne kuma masu hannun jari a cikinsu, sai jami'ansu suka cika majalisun sa ido. Hermann Josef Abs na Deutsche Bank ya tara kujeru sama da 20 shi kaɗai, har dokar 1965 da ta taƙaita kujerun mutum ɗaya zuwa 10 ake kiranta da sunansa. A 1976 aka ba ma'aikata rabin kujerun majalisar sa ido a kamfanonin da ke da ma'aikata fiye da 2,000. Tsarin sarƙar bankunan ya ba masana'antun ƙasar natsuwar yin shiri mai dogon zango, amma ya kare shugabanni marasa ƙwazo daga tuhuma. Abin da ya warware shi haraji ne: daga 2002 aka yafe harajin ribar da kamfani ke samu idan ya sayar da jarinsa na wani kamfani, sai Deutsche Bank da kamfanin inshora na Allianz suka shiga sakin abin da suka daɗe suna riƙe da shi.

A Japan, bayan 1945 sojojin mamayar Amurka sun rusa daulolin kasuwanci na iyalai irin su Mitsui da Mitsubishi da Sumitomo. Kamfanonin sun sake haɗuwa ta hanyar sayen jarin juna da taron shugabanni na wata-wata, kamar taron Juma'a na rukunin Mitsubishi, yayin da hukumominsu suka kasance cike da tsofaffin ma'aikatan cikin gida.

Ƙa'idojin zamani daga Birtaniya suka bazu. Bayan durƙushewar kamfanin Polly Peck da bankin BCCI da badaƙalar ɗan kasuwa Robert Maxwell, rahoton Cadbury na 1992 ya nemi a raba muƙamin shugaban hukuma da na babban jami'in gudanarwa, a kuma shigo da daraktoci daga waje. Kamfanin da bai bi ba sai ya bayyana dalili. Afirka ta Kudu ta fitar da rahoton King a 1994. Amurka ta yi Dokar Sarbanes-Oxley a 2002 bayan faɗuwar kamfanin Enron. Norway ta yi doka a 2003 mai neman mata su kai kashi 40 cikin ɗari na hukumomin kamfanonin hannun jari, kuma a shekarun farko mata 'yan kaɗan ne suka tara kujeru da yawa, sai wata sabuwar sarƙa ta ɓullo.

Ƙayyade yawan kujeru ya zama ruwan dare. Italiya ta hana sarƙa tsakanin bankuna da kamfanonin inshora masu gasa da juna a 2011. Dokar Indiya ta 2013 ta tsayar da kujeru 20, kuma 10 kawai daga ciki a kamfanonin da jama'a ke iya sayen jarinsu. A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum zama darakta a irin waɗannan kamfanoni fiye da biyar.