Gida huɗu, gadon sarauta ɗaya: Zazzau da wasan labari na kan tebur

1/ Duk mai shirya wasan labari na kan tebur da ya rasa yadda zai sa labarinsa ya riƙa tafiya da ƙafarsa, ya ɗan ajiye littattafan Turawa ya karanta tarihin Zazzau daga 1821 zuwa 1903. Gida huɗu, kujera ɗaya, ga alƙalin wasa a Sakkwato da shi ma yake da tasa manufar. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. In aka zo wurin da ba tabbas, a jefa ƙwaya irin ta ludo. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro ke da ikon cewa a'a, Gizo ba zai shiga ramin nan ba. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, an fito da shi a Amurka a 1974.

3/ Kada wani ya ce baƙon abu ne gaba ɗaya. Wasan kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan kaka, wannan ya zama sarki, wancan alƙali, wani ɗan doka, ai kusan shi ne. Ƙwaya da takarda kawai aka ƙara.

4/ Matsalar sabon mai riƙe labari ita ce mugu guda ɗaya. Ranar da 'yan wasa suka gama da shi, labari ya mutu. Shi ya sa wasanni irin su Blades in the Dark na 2017 ke cika gari da ƙungiyoyi masu gaba da juna, kowace da abin da take nema, tana kuma matsawa gaba ko ana kallonta ko ba a kallo. To mu nan Ikara, Makarfi da Kudan, a ƙarƙashin irin wannan tsarin kakanninmu suka rayu. Da gaske, ba a tebur ba.

5/ Bayan an fara jihadi a 1804, Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu. Sarkin Zazzau Makau ya fice ya yi kudu wajen Zuba, kuma zuriyar gidansu ce ta kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. Malam Musa Bamalle ne, shi ne tushen gidan Mallawa. Sai dai bai ci garin shi kaɗai ba. Akwai Yamusa, Bafulatanin Barno, wanda ya zama Madaki. Akwai Abdulkarimu daga Fulanin Katsina.

6/ Malam Musa ya rasu a 1821. Da a ce ɗansa aka naɗa, da ba mu da labari yau. Sai aka ba Yamusa. Da Yamusa ya rasu a 1834 aka ba Abdulkarimu, ya riƙe har 1846. Sarakuna uku na farko, gida uku daban: Mallawa, Barebari, Katsinawa. Can gaba aka naɗa Abdussalami, Basulluɓe, gida ya zama huɗu.

7/ Nan ne wurin da nake so ku tsaya. Gaba tsakanin gidaje ba ta isa ta riƙe labari na shekara tamanin ba. Abin da ya riƙe shi ƙa'idojin wasan ne. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya yi bincike a Zariya a 1949 da 1950, ya fitar da Government in Zazzau a 1960. In ka karanta shi da idon ɗan wasa, wallahi kamar littafin dokokin wasa kake karantawa.

8/ Al'ada ta zo ta zauna cewa mai neman gadon sarauta sai ya kasance ɗan sarki, kuma sai ya taɓa riƙe wata sarauta. Ku yi lissafin da kanku. Kai ne sabon sarki. 'Ya'yanka ba za su shiga takara ba sai ka ba su sarauta. Sarautun kuma suna hannun 'ya'yan gidan da ya sauka. Me za ka yi?

9/ Za ka tuɓe su, ka naɗa naka. Haka aka riƙa yi. Babbar sarauta irin ta Madaki sau da yawa ɗan sarki mai ci ke samu, don a jera shi a layi. Wanda aka tuɓe kuma ba rawani kaɗai ya rasa ba. Garuruwan da yake ci sun tafi, barorinsa sun watse neman wani ubangida, wani lokaci har dukiya ake ƙwacewa.

10/ Kun ga ba sai kowa ya zama mugu ba. Mutumin kirki ma in ya hau kujerar, lissafin zai tura shi ya yi abin da wanda ya gada ya yi. In ya yi sanya, gidansa na iya fita daga layi ɗungurungum. Sulluɓawa sarki ɗaya suka yi, Abdussalami, kujerar ba ta sake komawa gidan ba har yau.

11/ A tebur wannan ya fi "wancan gidan azzalumai ne" daɗi nesa ba kusa ba. Ɗan wasa zai ji haushin mutum, kuma ya san da shi ne a wurin, abin da zai yi ke nan.

12/ Sai alƙalin wasa. Sarkin Musulmi ne ke tabbatar da naɗi, Wazirin Sakkwato ne ƙofar Zazzau. Masu zaɓe su miƙa sunaye, Sakkwato ta ɗauki ɗaya. Kuma tana tuɓewa. Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa bai cika shekara ba aka sauke shi bayan saɓani da Waziri. Abdullahi na gidan Barebari an sauke shi, an dawo da shi, an sake sauke shi. Sambo na Katsinawa shi ma sauke shi aka yi.

13/ A ganina Sakkwato ta san abin da take yi sarai. Zazzau ƙasa ce mai faɗi da arziki, ga Keffi da Nasarawa da Jama'a a ƙarƙashinta. Gida ɗaya mai ƙarfi a Zariya zai iya ɗaga kai. Gida uku ko huɗu da kowanne ke jiran lokacinsa, dole kowa ya riƙa kallon Sakkwato yana kai gaisuwa.

14/ Ku gwada da Kano. Tun daga Ibrahim Dabo gida ɗaya ke sarauta. Da gidan ya tsage biyu a 1893, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, sai Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka yi basasa. Aliyu Babba ya ci Kano a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. Ɓangare biyu, ba na uku da za a jingina da shi, sai takobi.

15/ Zariya ta sha tuɓe-tuɓe da makirci, amma ba ta yi basasa irin wannan ba. Ni dai ina ganin yawan gidajen ne. Wanda ya faɗi yau yana da dalilin haƙuri, tunda layi na iya zagayowa. Kuma in gida ɗaya ya cika ƙarfi, sauran na da dalilin haɗa kai ko da ba sa ƙaunar juna. Duk mai zana ɓangarori a wasansa, kada ya tsaya a biyu.

16/ Akwai kuma waɗanda ba sa cikin layin kwata-kwata, kuma su ne suka fi haɗari. Zamanin Sambo, Galadima Sulaimanu, Bahaushe ne ba ɗan kowane gida cikin huɗun ba, ya tara ƙarfi har ana zarginsa da haɗa baki da Ningawa, waɗanda ke kawo hari har kusa da ganuwar Zariya. Sarki ya ɗaga shi ne don ba abokin takara ba ne. Shi kuwa tunda ƙa'ida ba ta ba shi hanya ba, me zai sa ya girmama ta?

17/ (A gefe: marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana sukar masu karanta tarihinmu da tabaran "Haɓe da Fulani" kawai. Ina tare da shi. Aure, barantaka da dukiya sun ratsa waɗannan layukan ta ko'ina. Ku karanta Smith, amma kada ku haɗiye shi duka.)

18/ Yanzu bari in dawo gida, don wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A wancan zamanin masu sarauta a birni suke zaune. Garuruwan da kowannensu ke ci a warwatse suke, wannan a arewa, wancan a kudu. Jakada ne ke zuwa karɓar haraji: kuɗin garma, kuɗin karofi, kuɗin shuka a kan irin su rake, ga zakka, ga jangali.

19/ To ka ɗauka kai manomin rake ne a fadamar Makarfi, ko marini a wani gari wajen Kudan. An yi sabon sarki a birni, ba ka ma ji tambari ba. Bayan wata biyu ga sabon jakada a ƙofar mai gari, ubangidansa sabo ne, ya kashe kuɗi kafin ya samu rawani, kuma ya san ba lallai ya daɗe ba. Kai za ka biya wannan gaggawar.

20/ Wanda ke son jin yadda rayuwa take a ƙauyukan arewacin Zazzau a ƙarshen zamanin nan, ya nemi Baba of Karo. Mary Smith, matar wancan Smith ɗin, ita ta rubuta labarin daga bakin Baba a Giwa, aka buga a 1954. Tsohuwa ce ke ba da labarin hare-hare da kame mutane da neman kuɗin fansa, daga ƙasa ba daga fada ba.

21/ Shi ya sa a wasan da nake riƙe wa abokaina ba na ba kowa sarauta. Ɗaya jakada ne, ɗaya ɗan mai gari, ɗaya malamin da ke rubuta wasiƙu, ɗaya 'yar kasuwa da ta ba ɗan sarki bashi. Ba su da ikon zaɓen sarki, amma duk wanda aka zaɓa zai taɓa tukunyarsu. Dole su yi caca da wani gida tun sarki mai ci na da rai.

22/ Tsarin ya fara tsagewa a 1897. Sarki Yero na Barebari ya tara 'yan bindiga. Da ya rasu, ɗansa Kwasau ya nuna wa Waziri ƙarfi, aka naɗa shi ba don Sakkwato ta so ba. Uba ya sauka, ɗa ya hau, alƙalin wasa yana kallo.

23/ Ga Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora yana ta'adi a ƙasar Zazzau. A 1902 Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa, suka zo, suka zauna. A shekarar ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya tsere Kano. Turawa suka kama Kwasau suka fitar da shi, Lugga kuma ya samu hujjar kai wa Kano yaƙi a farkon 1903.

24/ Abin da ya fi ɗaure min kai: Turawa ba su rusa wasan ba, kujerar Waziri kawai suka hau. Suka ɗauko Aliyu Ɗan Sidi na Mallawa, ɗan wancan Sidin da aka tuɓe, suka naɗa a 1903. A 1920 suka sauke shi suka kai shi Lakwaja, suka koma gidan Barebari. Su ne kuma daga wajajen 1907 suka haɗa garuruwa gunduma-gunduma, suka ce hakimai su bar birni su je su zauna cikin talakawansu. Hakimcin da muka tashi muka gani a yankinmu daga nan ya samo wannan siffar.

25/ Barebari suka riƙe daga 1920 har rasuwar Sarki Ja'afaru a 1959. Katsinawa suka karɓa, Muhammadu Aminu har 1975, sai Shehu Idris, jikan Sarki Sambo, shekara 45. Allah ya jiƙansu. Da ya rasu a Satumban 2020, duk wanda yake intanet lokacin ya tuna yadda sunayen gidajen nan suka cika ko'ina, yara 'yan shekara ashirin suna musu a kan Mallawa da Katsinawa kamar ƙwallo. A Oktoba gwamnatin Kaduna ta naɗa Ahmed Nuhu Bamalli. Shekara ɗari cif gidan Mallawa na jira.

26/ Don haka in za ku ɗauka ku kai tebur, ku canza sunaye don Allah. Waɗannan kakannin mutane ne masu rai, wataƙila ma na wanda ke zaune kusa da kai yana riƙe da ƙwaya. Ni garin ƙirƙira na yi, na raɗa wa gidajen sunayen itatuwa: Kuka, Rimi, Ɗorawa, Gawo. Gawo ne suka yi sarki sau ɗaya tak, jikokinsa sun tsufa, kuma a zaman da ya wuce jakadanmu ya gano su ne ke aika wa maƙiya wasiƙa.