Dutse da Ruwa: Tarihin Neman Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Arewacin Kano

Karkarar da ta tashi daga Minjibir zuwa Ɗambatta, ta yi yamma zuwa Bichi da Tsanyawa da Kunci, tana cikin yankin da Michael Mortimore ya nazarta a shekarun 1960 saboda yawan jama'arsa da yadda ake noma gonakinsa kowace shekara ba tare da saura ba. Wannan cunkoso ba zai yiwu ba in babu rijiya, domin damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma rafuka suna ƙafewa da rani.

Mafi yawan yankin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin na giranayit da danginsa, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500, wanda kuma ba shi da ƙofofin da ruwa zai kwanta a ciki. Ruwa yana samuwa ne a wurare biyu kawai, wato a ruɓaɓɓen saman dutsen, inda zafi da danshi suka mayar da shi tsakuwa da yumɓu, da kuma cikin tsagogin da suka ratsa shi. Kaurin wannan ruɓaɓɓen sashe yakan kai mita 30 ko fiye a wani wuri, ya zama 'yan mitoci kaɗan a gonar da ke kusa, shi ya sa rijiya takan yi ruwa a wata unguwa, ta maƙwabta kuma ta ci karo da fa. Sai an nausa gabas, wajen Gumel da Haɗeja, ake shiga shimfiɗar yashi da yumɓu ta kwarin Chadi, inda ruwa ya fi bazuwa.

Maginan rijiya na gargajiya sun san wannan bambanci ta hanyar aiki. Magini yakan sauka da dagi da ƙwarya, ya ratsa jar ƙasa, ya fasa marmara, ya riƙa murza abin da ya haƙo a tafin hannunsa, domin sanyin tsakuwa da sauyin launinta su ne ke shaida masa cewa ido ya kusa. Ilimi ne na gaske, ko da yake iyakarsa ita ce zurfin da ɗan Adam zai iya kaiwa da hannu, kuma kuskure a cikinsa yana cin makonni na wahala.

Binciken zamani ya soma da J. D. Falconer, wanda ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya a 1911, ya kuma shugabanci Hukumar Binciken Ƙasa da Duwatsu da aka kafa a 1919. Hukumar ta shiga aikin gina rijiyoyi masu siminti tare da hukumomin En'e, amma fari na 1972 zuwa 1974 ne ya nuna ƙarara cewa rijiyar hannu ba ta isa ba. Gwamnatin Audu Baƙo ta ba da ƙarfi ga madatsun ruwa a Jihar Kano, kuma a arewacin jihar an samu na Tomas da Gari da Watari, sai dai madatsa ba ta shayar da ƙauyen da ke nesa da ita.

A shekarun 1980 hukumar KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta ɗauki aikin haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, kuma a nan ne ilimin auna ƙasa da na'ura ya shiga karkara sosai. Hanya ta farko, wadda Conrad Schlumberger ya fara gwadawa a Faransa a 1912, ita ce a kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi ɗaya, a tura lantarki ta biyun gefe, a auna shi ta biyun tsakiya, sannan a riƙa nisanta na gefen domin awon ya ƙara nutsewa. Busasshen dutse yana tare lantarki, jiƙaƙƙiyar tsakuwa kuwa tana ba shi hanya. Da rani ƙasa takan bushe har sai an zuba ruwa a gindin kowace sanda kafin na'ura ta amsa. Hanya ta biyu tana amfani da zobba biyu na waya da mutum biyu ke ɗauke da su suna tafiya, ba tare da an kafa komai a ƙasa ba, don haka takan gano wurin da dutse ya ruɓe da sauri, daga nan a koma ga sanduna a auna zurfi. Masu bincike biyu, Beeson da Jones, sun wallafa bayanin haɗa hanyoyin biyu a 1988 bisa aikin da aka yi a Kano.

Abin da ya fi daraja a irin wannan aiki shi ne rubutaccen bayanin kowane rami, wanda ke nuna zurfin marmara, da inda aka taɓa dutse, da yawan ruwan da aka samu, domin da shi ake gyara fassarar awo na gaba. Abin takaici ne cewa a yau, da injinan haƙa masu zaman kansu suka yawaita, ana yawan haƙa burtsatse ba tare da awo ba, kuma ramin da ya fito a bushe akan cike shi ba tare da an rubuta mitar da aka tsaya a kanta ba.