Dumustuƙ na Rumawa da Sajal na Maya



Na daɗe ina cin karo da kalmar "dumustuƙ" a littattafan tarihin Larabawa, ina zaton sunan wani mutum ne. Ashe muƙami ne: domestikos, babban kwamandan rundunar Rumawa. A zamanin Saifud Daula na Halab, Bardas Fokas ne ke riƙe da shi; ya sha kashi a Mar'ash a 953, har aka kama ɗansa. Akwai kuma strategos, gwamnan lardi wanda takobi da mulkin jama'a duk suke hannunsa. Rundunar irin wannan gwamna, Petronas, ita ta kashe Umar al-Aƙɗa, sarkin Malatiya, a 863.

Shekara shida bayan haka, a 869, aka kafa dutsen tarihi na ƙarshe a Tikal, cikin dajin Guatemala ta yau, daga nan birnin ya yi ta zama kufai. Su ma Maya suna da nasu: sajal, hakimin da ke riƙe wa sarki ƙaramin gari, yana yaƙi yana kamo masa fursunoni. Ga su nan a sassaƙe a Yaxchilan da Piedras Negras.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, dumustuƙ abokan gabansa ne suka taya adana sunansa. Sajal kuwa duwatsunsa sun yi shiru ɗaruruwan shekaru, sai a 1960 Tatiana Proskouriakoff ta nuna cewa rubutun Piedras Negras tarihin sarakuna ne, ba lissafin taurari kaɗai ba.