3.2 Tarihin Haɗa Katako da Ƙarfafa Maɗaurai a Kwalekwalen Kogin Kwara

Wannan sashe zai duba yadda masassaƙan kogin Kwara suka riƙa haɗa sassan kwalekwale, domin kuwa yawancin ɓarnar jirgin ruwa daga mahaɗi take farawa. A yankin Sahel manyan itatuwa ba su da yawa, saboda haka samun gungume ɗaya da zai isa babban jirgi abu ne mai wuya. Wannan ƙaranci shi ya tilasta wa masunta irin su Bozo na ƙasar Mali da Sarkawa na Kabi da Yawuri ƙwarewa a kan haɗi.

Baturen nan Mungo Park, wanda ya isa Segu a shekarar 1796, ya bayyana jiragen fito da aka yi da gungume biyu, an rarake kowanne, sannan aka haɗa su baki da baki, mahaɗin ya faɗo daidai tsakiyar jirgi. Wato wurin da nauyi ya fi taruwa shi ne wurin da aka ɗinke. Haka kuma René Caillié, Bafaranshen da ya bi ruwa daga Jenne zuwa Kabara, mashigar Tumbutu, a 1828, ya hau jirgin da aka ɗinke allunansa da igiya. Akan huda gefen kowane allo, a zura igiya a ɗaure tam, a cusa ciyawa da laka a tsakani. Duk da haka ruwa bai daina shiga ba, sai da aka riƙa kwashe shi da ƙwarya dare da rana.

A ganin mai wannan bincike, kuskure ne a ɗauki ɗinki a matsayin rashin dabara. Igiya tana ba jirgi damar lanƙwasa idan ya hau yashi ko ya daki dutse, kuma idan ta ruɓe ana iya sauya ta a bakin gaɓa ba tare da neman maƙeri ba. Aibinta dai shi ne yoyo da saurin ruɓewa.

Daga baya ƙusa ta maye gurbin igiya. A Mopti, maƙera ne ke ƙera ƙusoshin da ake kafa allunan maɗaci da su, a toshe ramuka da tsumma da man kaɗanya. Yoyo ya ragu, amma ƙusa tana tsatsa a ɓoye cikin katako, kuma takan faɗaɗa raminta sannu a hankali har allo ya saki ba a lura ba.

Zuwan injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, wanda ya yaɗu a rabin ƙarni na 20 na biyu, ya mayar da matsalar can baya. Ƙarfin da a da yake rarrabe a hannun masu tuƙi da filafili ya taru a kan allo ɗaya, ga nauyi ga girgiza. Dole aka kauraro wannan allo, aka tokare shi da katako daga ciki, wasu kuma suka ƙara noti da faifan ƙarfe. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968, jiragen yankin Yawuri suka fara fuskantar igiyar ruwan tafki mai faɗi da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage kusa da Wara a Jihar Kebbi, inda hukumomi suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙarfin jirgin.