Jack Chick da Ƙananan Littattafansa Masu Zane

A cikin tarihin takardun bishara, da wuya a sami mutum ɗaya wanda aikin hannunsa ya bazu cikin duniya kamar Jack Chick, mutumin ƙasar Amurka. Shi ba fasto ba ne, babu kuwa wata mishan ko ikilisiya da ta aike shi. Mai zane ne, wanda ya soma aikinsa a kan teburin kicin na gidansa da kuɗin rance. Kamfanin da ya kafa ya ce cikin shekaru 50 na farko ya buga ƙananan littattafai fiye da miliyan 800, an kuma juya su cikin harsuna fiye da 100. Tarihinsa yana nuna abin da mutum ɗaya yake iya yi idan ya buga littafinsa da kansa, yana kuma nuna abin da yakan faru sa'ad da babu mai duba aikin kafin ya fita.

Farkon rayuwarsa

An haifi Jack Thomas Chick ran 13 ga Afrilu, 1924, a birnin Los Anjeles cikin jihar Kalifoniya. Tun yana yaro yake son zane, amma da ya gama sakandare sai ya shiga makarantar wasan kwaikwayo a garin Pasadena. A 1943, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauke shi soja, ya yi shekara uku yana aikin soja, ya ga Niyu Gini da Ostareliya da Filifin da Japan. Da ya komo gida ya sadu da Lola Lynn, 'yar ƙasar Kanada, suka yi aure a 1948. Sa'ad da suka tafi gaishe da iyayenta a Kanada, surukarsa ta sa shi ya saurari wa'azin Charles Fuller a rediyo, a nan ne ya tuba, ya ba da gaskiya ga Almasihu.

Bayan wannan ya sami aikin zana taswirar na'urori a wani kamfani a garin El Monte. Yana da marmarin yin shaida, amma mutum ne mai kunya ƙwarai, ba ya iya tsare baƙo a hanya ya yi masa magana. Sai ya ji wani labari daga Bob Hammond, ɗan mishan mai wa'azi ta rediyo ga mutanen Asiya, cewa 'yan Kwaminis a ƙasar Sin sun jawo talakawa da yawa ta wurin ƙananan littattafai masu hotuna. Irin waɗannan littattafai, waɗanda ba su fi tafin hannu ba, sun yawaita a birnin Shanghai tun shekarun 1920, ko wanda karatunsa bai yi nisa ba yakan bi labarin ta wurin zane. Chick ya ga cewa abin da ya yi wa siyasa aiki zai iya yi wa bishara.

Zamanin da ake ƙyamar littattafan zane

A lokacin nan littattafan labari cikin zane ba su da suna mai kyau a Amurka. Iyaye da malamai da shugabannin ikilisiya suna ganin su ne suke ɓata yara. A 1948 an tara su an ƙone a wasu garuruwa. A 1954 wani kwamiti na Majalisar Dattawa ya yi zama a kansu, cikin wannan shekara kuma manyan kamfanonin da suke buga su suka kafa hukumar tace littattafai ta kansu. Littafin da ba shi da hatimin hukumar, yawancin dillalai ba su karɓarsa.

Saboda haka mai zanen da yake da wata magana dabam ba shi da hanya sai ya buga da kansa. Mutane iri iri suka bi wannan hanya. A 1968 wani saurayi mai suna Robert Crumb ya fito da nasa littafi a San Faransisko, shi da matarsa suka riƙa sayarwa a bakin titi daga cikin keken tura jariri, abin da ke ciki kuwa ya yi nisa da koyarwar ikilisiya. Chick ya riga shi da shekaru, da manufar da ta saɓa wa tasa sarai, amma hanyar ɗaya ce: mai zane shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne kuma dillali.

Dala 800 da teburin kicin

Littafinsa na fari bai nufi marasa bi ba. Chick ya karanta rubutun Charles Finney, mai wa'azin falkaswa na ƙarni na 19, ya dubi ikilisiyoyin zamaninsa ya ga sun yi sanyi. Sai ya zana littafi mai suna Why No Revival?, watau tambaya ce a kan abin da ya hana falkaswa. Bai sami mai buga masa ba. Wajen 1960 ya ci rancen dala 800 daga ƙungiyar ajiya da ba da rance, ya biya maɗaba'a da kansa. Kicin na gidansa ya zama ofis da ɗakin zane.

Daga baya aka gayyace shi ya yi wa fursunoni magana a wani kurkuku kusa da gidansa. Ya zana labarin a kan manyan takardu, yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Bisa ga abin da kamfaninsa ya faɗa, mutum 9 cikin 11 da suke wurin suka tuba. Zanen nan shi ne ya zama This Was Your Life! a 1964, wanda ya fi dukan littattafansa yaɗuwa. Labarin wani mutum ne da ya mutu, mala'ika ya kai shi gaban kursiyin shari'a, aka nuna masa dukan rayuwarsa kamar majigi, har da abin da ya yi a ɓoye, aka duba Littafin Rai ba a sami sunansa ba. Sa'an nan littafin ya nuna yadda ƙarshensa zai zama da ya tuba. Da fari kantunan littattafan Kirista sun yi nauyin jiki wajen karɓar irin wannan abu, amma da masu saye suka yawaita sai suka buɗe ƙofa. A 1970 ya kafa kamfanin Chick Publications.

Asirin arahar littafin

Ƙarfin littattafan Chick yana cikin ƙanƙantarsu. Kowane ɗaya kimanin inci 3 ne a tsaye, inci 5 a kwance, yana shiga aljihun riga, shafuffukansa kuwa wajen 24. Adadin nan yana da dalili: takarda ɗaya in an naɗe ta biyu takan ba da shafi huɗu, saboda haka takarda shida, a jera su a ɗinke tsakiyarsu da 'yar waya, sun zama littafi. Zanen ciki baƙar tawada ce kaɗai a kan farar takarda, gama kowane launi da aka ƙara yana bukatar nasa faranti a injin bugu, da nasa kuɗi. Kuɗin yin faranti sau ɗaya ake biya, domin haka yawan abin da aka buga shi ke rage kuɗin kowane kwafi.

Akwai kuma wata dabara. Mai sayen littafin ba shi ne mai karanta shi ba. Masu bi sukan saya da yawa a kan 'yan kuɗi kaɗan, su bar su a kujerar bas, da teburin gidan abinci, da rumfar tarho, ko su miƙa wa baƙo. A ƙarshen littafin akwai addu'ar tuba, a bayansa kuma an bar fili domin ikilisiya ta buga hatiminta. Ta haka dubban masu kunya irin Chick suka zama dillalansa ba tare da albashi ba. A 1972 ya ɗauki Fred Carter, baƙar fatan Amurka, gwanin zane ƙwarai, wanda ya yi shekaru yana aiki ba a sa sunansa ba. Da hannun Carter aka soma manyan littattafai masu launi a 1974. Chick kansa ya guji 'yan jarida da masu ɗaukar hoto har ƙarshen ransa.

Labarin Alberto

'Yancin da ya ba Chick damar faɗin abin da manyan kamfanoni suka ƙi, shi ne kuma ya bar shi ba mai tsawata masa. A 1979 ya buga littafi mai suna Alberto, labarin wani mutumin Sifen, Alberto Rivera, wanda ya ce dā shi fada ne cikin ƙungiyar Jesuwit ta Ikilisiyar Katolika, wai an aike shi a asirce ya shiga ikilisiyoyin Furotesta ya lalata su. Littattafai shida aka yi a kan maganarsa, suna ɗora wa fadar Paparoma laifin yaƙe-yaƙe da masifu iri iri na duniya.

Waɗanda suka binciki maganar ba 'yan Katolika kaɗai ba ne. A 1981 wani mai bincike, Gary Metz, ya fito da sakamakon aikinsa cikin mujallun masu bishara guda biyu, Christianity Today da Cornerstone. Bai sami wata shaida cewa an taɓa naɗa Rivera fada ba. Ya tarar cewa a shekarun da mutumin ya ce yana zaman fada marar aure ya haifi 'ya'ya, akwai kuma ƙararraki a kansa game da kuɗi. Kantunan Kirista da dama suka daina sayar da littattafan, a shekarar kuma Chick ya fita daga ƙungiyar masu sayar da littattafan Kirista ta Amurka.

Amma bai janye littafi ko ɗaya ba. Amsar da aka bayar ita ce Ikilisiyar Katolika ta share takardun Rivera domin ta ɓata shi. Da irin wannan amsa babu wata shaida da za ta iya kayar da magana, gama rashin shaida ma ya zama shaida. A maɗaba'ar da take da edita da kwamiti, da wani ya ce a dakata a bincika. A nan kuwa mai zane shi ne mai kamfani, ba wanda yake bisansa. A 1988 na shida ya fito, mai suna The Prophet, wanda ya yi da'awa cewa fadar Paparoma ce ta ƙulla tasowar addinin Musulunci. Babu wani masanin tarihi, Kirista ko Musulmi, da ya sami tushen wannan magana. Rivera ya mutu a 1997, aka ci gaba da buga littattafan.

Wanda ya ɗauki nauyin

Magana zarar bunu ce, bugaggiyar magana kuwa ta fi, gama takan ƙetare teku ta shiga ƙasar da marubucinta bai taɓa gani ba. A ƙasar Singafo, inda Kirista da Musulmi da mabiya addinin Buddha da na Hindu suke zama gari ɗaya, wani mutum da matarsa, masu bi, sun yi shekaru suna aika takardun bishara ta gidan waya. Cikinsu akwai littattafan Chick masu ɓata Musulunci. Wasu Musulmi da suka karɓa suka kai ƙara. A 2009 kotu ta same su da laifi a ƙarƙashin dokar da ta hana ta da gaba tsakanin al'ummai, ta ɗaure kowannensu mako takwas. Wanda ya zana littafin yana gidansa a Kalifoniya, waɗanda suka miƙa shi su ne suka shiga kurkuku, ikilisiyoyin garin kuma su ne suka ci gaba da zama da maƙwabtan da aka ɓata wa rai.

Jack Chick ya rasu ran 23 ga Oktoba, 2016, yana da shekara 92. Mutane da yawa sun shaida cewa ta wurin ɗan littafinsa suka fara jin bishara, ba kuwa dalilin musun wannan. Haka nan ba dalilin musun cewa hannun da ya zana waɗancan shi ne ya yaɗa labarin Rivera bayan 'yan'uwansa masu bi sun nuna masa ƙarya ce.

Abin da tarihin ya bari

Abin da ya ci wa Chick dala 800 da zuwa maɗaba'a, yau saurayi mai hannun zane a Maraɗi ko Jos ko Garwa ko Kumasi yana iya yinsa da kwamfuta da firinta, ko da injin fotokwafi na bakin kasuwa: takarda shida, a naɗe, a ɗinke. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce, musamman ga harshen Hausa, inda littattafan Kirista masu zane ba su da yawa, masu koyon karatu kuwa suna da yawa. Darasin Chick na fari yana nan daram: ƙaramin littafi, labari ɗaya, baƙar tawada, kuɗi kaɗan.

Darasi na biyu ya fi nauyi. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ba ta ware Katolika ko Musulmi ba, ba ta kuwa ware wanda yake da kyakkyawar niyya ba. Littafi Mai Tsarki ya koyar cewa ba a tabbatar da ƙara da bakin mutum ɗaya, Chick kuwa ya gina littattafai shida a kan bakin mutum ɗaya. Wanda yake bugawa a gidansa ba shi da edita, sai wanda ya nema da kansa. Yana iya kai zanensa wurin fasto ko dattijon ikilisiya, da wani malami wanda ya san tarihi, kafin ya kunna inji. In littafin ya taɓa bangaskiyar wasu, ya kamata ya tambayi kansa ko zai iya zama a zauren maƙwabcinsa ya karanta masa shi shafi shafi, gama a ƙasashen da Kirista da Musulmi suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, maƙwabcin nan yana cikin waɗanda za su fara ganinsa.