Daga “Kawo Wuƙa” Zuwa Rami: Abin Da 2006 Ta Koya Wa Masu Kaji

Idan a Gwale ka tashi, ka san yadda ake yi. Kaza ta takure a bakin akurki, fuka-fukai a saɓule, sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. A ganin iyayenmu, an hutar da ita, an kuma tsira da nama.

A watan Fabrairun 2006 lissafin ya canza. Aka tabbatar da murar tsuntsaye nau’in H5N1 a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Ba a jima ba ta ɓulla a gonakin Kano. Jami’ai suka riƙa kashe kaji suna binnewa, gwamnati ta sa diyyar Naira 250 kan kowace kaza. Da yake kuɗin bai kai farashin kasuwa ba, wasu suka yi saurin sayar da nasu. A Janairun 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas.

Ina haɗarin yake? Ƙwayar cutar tana cikin jini, majina da kashin kaza. Mai yanka da mai fiɗa su ne a gaba.

To, idan kajinka suna mutuwa bi da bi, kada ka yanka, kira likitan dabbobi. Idan kuwa guda ce ke wahala ba alamar tashi, wasa wuƙa sosai, ka yanke jijiyoyin wuya biyu a tashi ɗaya. Fiffikar da za ka gani daga laka take. Ka binne ta da zurfi, ka wanke hannu da sabulu. Tukunya ba tata ba ce.